Takardar da na sa wa hannu cewa na ƙi 'yata

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana, musamman mu da muke rainon 'ya'ya a ƙasar nan. Shekara biyu na yi duk wadda ta tambaye ni Asiya a masallaci sai in ce ta koma karatu. Ba wani karatu da ta koma. Taɓin hankali ne ya same ta. Ita da kanta ta ba ni izinin in rubuta, ta ce dai in canza sunanta, kuma na canza. Na rubuta ne don kada wata uwa ta shiga abin nan ido rufe kamar yadda na shiga.

Sunana Rabi, 'yar Zariya ce ni. Ina koyar da lissafi a wata sakandare. Maigidana Alhaji injiniya ne a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila a Alexandria, a Annandale muke zaune cikin jihar Virginia ta Amurka, kuma inshorar lafiyarmu ta wurin aikinsa ce. Asiya ce autarmu, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa tsaf, amma ban da gaisuwa da Turanci take mayar da magana, don haka duk maganarta da zan kawo ni na mayar da ita Hausa. Lokacin da abin ya fara shekarunta ashirin da biyar, ta gama digiri, tana aiki a wani ofis a Greenbelt ta jihar Maryland, ta kama gida a can ita da wata ƙawarta.

Ƙawar ce ta kira ni wata Asabar da safe, ta ce in zo in ga Asiya da idona. Na tarar duk ramukan da iskar ɗumama ɗaki ke fitowa ta liƙe su da salatif. Ta ce maƙwabta ne ke kiran sunanta ta ciki, suna karanta abin da take tunani. Kwana huɗu ba ta runtsa ba, kuma sati biyu ke nan ba ta je aiki ba. Yarinyar da ba ta fita sai ta goge har mayafinta, ga ta da riga ɗaya ta kwana da kwanaki. Na tattara mata kaya na kawo ta gida.

Satin farko Alhaji ya ce gajiyar aiki ce, a bar ta ta huta. Sati na biyu ya faɗa wa yayarsa Hajiya Larai a Kano, ita kuwa ko jira ya gama ba ta yi ba ta ce, "Iska ce. Kun bar yarinya budurwa tana kwana a gidan haya ba ku kusa, me kuke jira?" Ta haɗa mu da wani malami ya yi ruƙiyya ta waya. Ni ban raina addu'a ba, har yau ita ke riƙe da ni. Amma da aka yi kwana biyar ba canji, malamin ya ce aljanin na Amurka ne, taurin kai gare shi, sai an kawo ta Kano. Wata kuma ta ce aure take so. Wata ta aiko da habbatus sauda da man zaitun ta hannun mai zuwa.

A sati na uku ciwon ya juyo kaina. Na kai mata tuwo da miyar kuka, ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Umma, me kika sa a ciki?"

Na ce, "Me zan sa, Asiya? Daddawa ce da kuka."

Ta ce, "Na ji sun faɗa miki adadin da za ki riƙa sawa."

Na ɗebi loma na ci a gabanta. Ta ce ai na san gefen da ba guba. Daga ranar ta daina cin duk abin da ya fito daga kicin ɗina, har ruwan famfon gidan. Sai biskit da ruwan roba wanda ita ta fasa da hannunta. Da ta fara yin jiri in ta miƙe, muka kai ta sashen gaggawa.

Kwana biyu muka yi a kan gado a baranda cikin asibitin, ana jiran gado ya samu a ɓangaren masu taɓin hankali. Mutane na wucewa suna kallonta. Aka karɓe mata mayafi da igiyar takalmi, wai kada ta cutar da kanta, ta zauna kai buɗe tana rufe gashinta da hannu biyu. Wata nas baƙar fata, dattijuwa, ta lura. Ta je ta kawo irin hular da likitocin tiyata ke sawa ta ɗora mata. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Da aka ba ta gado, washegari na buga waya in ji yadda ta kwana. Matar da ta ɗauka ta ce ba za ta iya tabbatar mini ko akwai mai wannan suna a wurinsu ko babu ba.

Na ce, "Ni na kawo ta jiya. Ni na haife ta."

Ta ce, "Na fahimta, amma babba ce. Sai ta sa hannu ta yarda a yi magana da ke."

Wato yarinyar da ke ganin ina zuba mata guba, ita za ta ba da izinin a yi magana da ni. Da ƙyar ta yarda da sunan babanta.

Kwana shida aka kira mu aka ce mu zo mu ɗauke ta. Likitan matashi ne, da ganinsa ka san a gajiye yake. Ya ce ta zama "sitebul". Wannan kalma ba zan manta da ita ba. Na tambaye shi ko ta daina jin muryoyin. Ya ce a'a. Ta yarda ba ta da lafiya? A'a. Za ta ci abincina? Bai sani ba.

Alhaji ya ce, "To mene ne sitebul ɗin?"

Likitan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta ce za ta kashe kanta ko wani ba. Na nemi ƙarin sati ɗaya, kamfanin inshora ya ƙi. Likitansu ya ce ba dole ba ne."

Na ce, "Likitansu ya gan ta?"

Ya ce, "A'a. Takarda ya gani."

Aka sallame mu da maganin sati biyu da takarda mai ɗauke da lambobin wayar likitocin ƙwaƙwalwa. A cikin mota nake kiran su, lokacin hutun cin abinci a makaranta, wayar na ta yi mini kiɗa a kunne. Wannan lamba ta mutu. Wannan ya yi ritaya. Wannan ba ya karɓar sababbin marasa lafiya. Wannan yana karɓa, amma ba da inshorarmu ba, ko da yake kamfanin ne ya jera sunansa. Da na samu mai karɓa, sai bayan wata uku. Maganin sati biyu, ganin likita wata uku. Lissafi nake koyarwa, amma wannan ya fi ƙarfina.

Allah ya haɗa mu da wata likita 'yar Indiya da wani ya soke zuwansa ta ba mu gurbin. Ta ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, ita ta fi dacewa da mai tsoron haɗiye abu. Amma kamfanin ba zai biya ba sai Asiya ta gwada magani biyu masu araha ta faɗi a kansu. Haka ta ce, ta faɗi, kamar jarrabawa. Na farkon ya sanƙarar mata da wuya, yawu na zuba, hannu na rawa ko kofi ba ta iya riƙewa. Na biyun ya kumbura ta, tana barci rana tsaka kamar gawa. Wata biyu ina kallon 'yata tana faɗuwa don a cika fom.

Ana gab da yarda da allurar sai ta cika shekara ashirin da shida. Iyaye, ku riƙe wannan. A ƙasar nan da ɗa ya kai wannan shekara, ya sauka daga inshorar iyayensa, ko yana kan gadon asibiti. Na san da dokar, amma ban taɓa kawo ta a raina ba. Wasiƙa kawai muka gani cewa ƙarshen wata an cire ta. Aikinta kuwa tuni ya tafi.

Muka nemi inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi. Virginia ta ce takardunta duk na Maryland ne, lasisinta da adireshinta. Maryland ta ce ai a Virginia take kwana. Tsakanin jihohin nan biyu kogi ne kawai da gada, kullum mutane na tsallakewa zuwa aiki, amma sati biyar suka yi suna jefa mu tsakaninsu. Muka sayi ƙwayar da aljihunmu, ita kuma ta ƙi sha, don ni ce na karɓo.

Wata Talata da safe ina aji aka kira ni ofis. Asiya ta fita bayan mun tafi aiki, ta hau bas ta hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi a Greenbelt, ta je ta zauna a ƙofar tsohon gidanta ba takalmi. Waɗanda suka kama gidan bayanta suka kira 'yan sanda. Duk babbar hanyar nan ta Beltway da ta kewaye birni, cikin cunkoso, abu ɗaya nake roƙo: Allah ya sa kada ta sa hannu a aljihu 'yan sanda su ɗauka bindiga za ta ciro. Alhamdulillahi, ɗan sandan da ya zo mai haƙuri ne. Ya zauna a matakala nesa da ita yana yi mata hira har motar asibiti ta iso.

A wannan asibitin na Maryland ne wata ma'aikaciyar jin daɗin marasa lafiya, Baturiya mai furfura, ta gyara maganar inshorar cikin kwana uku, aka fara allurar. Sannan ta zaunar da ni da Alhaji a wani ɗan ofis. Ta ce likitoci ba su ga alamar Asiya za ta zauna da mu yanzu ba, tun da tsoronta a kaina yake, in ta koma za ta sake gudu. Akwai gidaje a cikin unguwa da ake ajiye irinsu, mutum uku ko huɗu, da ma'aikata masu lura da magani. Amma inshora magani da likita take biya, ba ta biyan rufin ɗaki. Gidajen kaɗan ne, layin kuma wasu sun shekara a kai.

Ta duba fom ɗin gabanta ta ce, "Tana da inda za ta koma?"

Alhaji ya ce, "Tana da gidan ubanta mana."

Matar ta ajiye biro. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta rage murya ta ce, "In na rubuta haka, ita ce ta ƙarshe a layi. Waɗanda ba su da kowa ake fara ba. In iyali suka rubuta cewa ba za su karɓe ta ba, sai ta zama marar gida, ta hau sama. Ban ce ku yi ba. Na dai faɗa muku yadda abin yake."

Alhaji ya miƙe tsaye. Da Hausa ya yi maganar, yana kallona. "Ni da raina, da lafiyata, a rubuta 'yata ba ta da gida? Wallahi ba da hannuna ba. Tashi mu tafi."

A mota ya ce mu kai ta Kano wurin Yaya. Na ce a Kano wa ta sani? Yarinyar da ko cinikin tumatur ba za ta iya da Hausa ba, a ɗaure ta a ɗaki a ce ana cire mata iska? Ya ce to mu kama mata gida. Na ce ai daga gidan haya muka ɗauko ta, wa zai tsaya a kanta? Haka muka iso gida.

Washegari ban je makaranta ba. Na koma asibitin ni kaɗai. Matar ta ba ni farar takarda ta ce sai da rubutun hannuna. Na rubuta cewa ni, mahaifiyar Asiya, ba zan karɓe ta a gidana ba. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Ta ce mini na gode. Na fito na kama hanyar gida.

Kwana goma Alhaji bai ci abinci tare da ni ba. Yaya Larai ta kira ta ce, "Rabi, ashe har ƙasar nan ta cinye ki haka? Ki haifi 'ya ki ba gwamnati?" Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri," na kashe waya. Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Kuma kada ku ɗauka da na sa hannun sai aka miƙo mabuɗi. Gida mai lasisi bai samu ba, asibiti kuma ya ce ta sake zama sitebul. Sai aka tura ta gidan wani mutum da ke karɓar irinsu na ɗan lokaci. Daga waje gida ne kamar kowane, har da ciyawa a gyare. A ciki, ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka yanyanka da katako aka yi ɗakuna. Warin fitsari da taba tun daga matakala. Maza da mata banɗaki ɗaya, ƙofarsa ba sakata. Magungunan mutanen gidan duka a kwalin takalmi ɗaya a kan firji. Mai gidan ba ka ganinsa sai farkon wata. Da na ɗaga hannun rigar Asiya, cizon kuɗin-cizo ne jere tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Ta ce mini ba ta yin wanka sai ta jingina kujera a ƙofa. Wannan a garin da fadar shugaban ƙasa ba ta fi tafiyar rabin awa ba.

Na fito waje ina waya da Alhaji ina kuka, sai na ji an ce, "Hajiya, kafra. Ɗanka ne yake ciki?"

Wata mata ce mai kayan aikin jinya, ɗankwali ɗaure. Mma Zenabu sunanta, 'yar zangon Kumasi, da Hausarsu ta can da ba ta raba mace da namiji, "kafra" kuma ita ce gafararsu. Wani kamfani ke turo ta sau biyu a sati ta yi wa wani tsoho wanka a gidan. Ta ja ni gefen motarta ta ce, "Ka share hawaye, kuka ba ya aiki a nan. Ka koma ciki ka ɗauki hoto, hannunsa, banɗaki, kwalin magani, duka. Ka tura ma ofishin gunduma, ka tura ma mai riƙe da fayil nasa. Kuma in suka ba ka fom, kar ka ce alhamdulillahi yana samun sauƙi. Mu haka aka koya muna, amma nan in ka ce haka sun rufe fayil. Ranar da ya fi lalacewa, shi za ka rubuta."

Na yi yadda ta ce. Ni da aka rena a kan rufa wa ɗa asiri, na zauna na rubuta wa baƙi yadda 'yata ta zauna ba takalmi a ƙofar mutane, da yadda ta kira ni mai guba. Kullum da safe kafin in shiga aji sai na buga waya, har suka gane muryata. Mma Zenabu tana aikin ƙarshen mako a wani gida mai lasisi a Greenbelt, ita ta tsegunta mini cewa wata za ta fita, ta faɗa mini sunan fom ɗin da zan nema. Sati bakwai Asiya ta yi a ɗakin ƙasan nan kafin a ba ta gurbin. Gidan wancan mutumin kuwa, na wuce ta wurin kwanakin baya, har yanzu akwai mutane a ciki.

Inda take yanzu su huɗu ne, duk mata, kowa da ɗakinta. Akwai ma'aikaciya dare da rana. An ware mata gefe a firji don namanta na halal. Allurar ta karɓe ta, a hankali muryoyin suka yi nisa, ta dawo da salla, ta dawo da guga. Watan farko Alhaji kai ni yake yi ya zauna a mota. Wata rana ya ji ta ce ba ta da wurin jera littattafai, sai ga shi ya shigo da katako da akwatin kayan aikinsa, ya yini yana haɗa mata kantar littattafai. Tun daga nan yake shiga.

Ranar da Asiya ta ga takardar da na sa wa hannu a fayil ɗinta, ita ta tayar da maganar. Ta ce, "Umma, na ga rubutunki. Tilasta ki suka yi?"

Na ce, "Ba wanda ya riƙe mini hannu."

Ta ce, "Da kin kai ni gida, da na sake gudu." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai raka ni har mota, abin da ba ta taɓa yi ba.

Shawarata gajeriya ce. Tun ɗanki yana da lafiya, ya sa hannu a takardar da za ta ba likita damar magana da ke. Ki san watan da zai cika ashirin da shida. Adireshinsa da inda yake kwana su zama jiha ɗaya. Duk wayar da kika buga, ki rubuta sunan wanda ya ɗauka. Ki yi addu'a, amma ki yi ta a kan hanyar asibiti. Kuma mu daina cewa sun tafi karatu. Da na fara faɗin gaskiya, mata uku a masallacinmu suka ja ni gefe, kowace da nata a gida.

Yanzu Asiya tana aikin 'yan awoyi a wani ɗakin karatu, tana jera littattafai. Watan jiya shugabar wurin ta ce ta yaba da ita, tana so ta ɗauke ta cikakken aiki. Asiya ta kira ni tana dariya, irin dariyar da na yi shekara biyu ban ji ba. Na ɗauke ta muka je wurin mai riƙe da fayil ɗinta da murnarmu. Matar ta taya ta murna, sannan ta jawo takarda. Ta ce in albashin Asiya ya haura iyaka, inshorar gwamnati za ta tsaya. Inshorar sabon aikin kuma tana iya cewa sai an sake gwada ƙwayoyi masu araha kafin allura. Ɗakin ma na waɗanda ke cikin tsarin ne, in ta fita sai a ba wata, in ciwon ya dawo ta koma ƙarshen layi. Ta ce akwai wasu hanyoyi, za ta bincika, amma ba ta yi alkawari ba. Shugabar ɗakin karatun kuwa amsa take jira ranar Juma'a.

Muka fito muka shiga mota. Ban tayar ba. Asiya ta ciro waya ta fara rubutu, ina ganin yatsunta. Ta rubuta wa shugabar cewa ta gode ƙwarai, amma awoyin da take yi yanzu sun ishe ta. Ta karanta sau biyu, ta gyara waƙafi ɗaya, ta tura.

Sai ta juyo, kuma da Hausa ta yi maganar, Hausarta mai karyayyen harshe. Ta ce, "Umma, su ba su so in warke ne?"

Na murɗa mabuɗi na mayar da ita ɗakinta.